Masu Gyaran Wutar Mayo-Oulo

Wutar da ke haska arewacin Kamaru daga madatsar Lagdo take tasowa, wadda aka kammala a kan kogin Binuwai a 1982. Amma aikin kamfanin wuta a bakin mita yake tsayawa. Daga nan zuwa ƙuryar ɗaki, a Mayo-Oulo sai yaran gari masu gyaran wuta.

Ba su da shago na a-zo-a-gani. Filaya, testa da salatif a jaka, sai babur. A watan Afrilu, lokacin da kwano ke ƙuna kamar tanda, za ka ga mutum ya kutsa cikin silin yana laluben wayar da ɓera ya ci, gumi na zuba, uwar gida na miƙo masa ruwan randa tana cewa, "Sannu da aiki, ɗana."

Da babu su, soket ɗaya sai an ɗauko ma'aikaci daga garin Guider, kuɗin mota ya ninka na gyaran. Su kuwa sun san kowane gida, har bashi suna ɗagawa sai an sayar da gyaɗa. Yanzu ma sun koyi haɗa sola da batir, mai firij da mai cajin waya duk lambarsu suke nema.