Mamaci Ɗaya, Kabari Uku: Nazari a Kan Binciken Masoyan Robert Johnson

A yankin Leflore na jihar Misisifi, can ƙasar Amurka, akwai duwatsun kabari guda uku a harabar majami'u uku daban-daban, kuma dukkansu sunan mutum ɗaya ke rubuce a jikinsu, wato Robert Johnson, baƙar fata makaɗin jita wanda ya rasu ranar 16 ga Agusta, 1938, yana da shekara 27. Waƙoƙi 29 kacal ya bari a faifai, an ɗauke su a San Antonio a 1936 da Dallas a 1937. An binne shi ba tare da an kafa wata alama ba. Dalilin kawo zancensa a wannan fili shi ne tarin rubutun da masoyansa suka yi wajen neman kabarin, domin irin aikin ne da yawancinmu ke burin yi a kan namu makaɗan.

Mu fara da yabo, don sun cancanta. Mutanen nan ba su zauna a ɗaki suna kintace ba. A 1968 wani ɗan Misisifi mai tara tsofaffin fayafai, Gayle Dean Wardlow, ya tono takardar shaidar mutuwar Johnson. Sai dai takardar ta warware abu ɗaya ta ɗaure wani. A gurbin dalilin mutuwa abin da aka rubuta kawai shi ne babu likita. A gurbin makabarta kuwa aka ce majami'ar Zion. To, wace Zion ɗin? Sunan ya yi yawa a majami'un baƙaƙen fata na wannan yanki, kamar mutum ne ya ce maka an binne wane a bayan masallacin Juma'a, bai faɗi gari ba.

Daga nan ji-ta-ji-ta ta samu ƙofa. A 1990 kamfanin Columbia ya fitar da dukkan waƙoƙin a haɗe, aka saye su fiye da yadda kowa ya zata, sai kabarin da aka manta da shi shekara hamsin ya zama abin nema. A wannan shekarar wata ƙungiyar makaɗa daga Atlanta ta kafa ƙaramin dutse a Payne Chapel kusa da Quito, bisa maganar wata tsohuwa da ta ce ta san shi tun suna samari. A 1991 aka kafa doguwar husumiya a Mount Zion kusa da Morgan City, bisa fassarar da aka yi wa takardar nan, da gudummawar Columbia. Sai a shekarar 2000 aka ji ta bakin matar wanda ya haƙa kabarin, ta nuna gindin wata bishiya a majami'ar Little Zion da ke arewacin Greenwood. A yau mafi yawan manazarta sun fi karkata ga maganarta.

A nan ne sukarmu take. Matar nan tana zaune a yankin duk tsawon shekarun da ake ta kai-komo da na'urar ɗaukar magana. Me ya hana a same ta da wuri? A ganinmu, masu binciken sun fi son labarin da zai yi daɗin karantawa a kan wanda zai tabbata. Dubi yawan tawadar da aka zubar a kan zancen cewa Johnson ya sayar da ransa ga Shaiɗan a mararraba cikin dare, aka ba shi gwanintar jita. Bincike ya nuna tun farko a kan wani makaɗi daban, Tommy Johnson, aka ba da wannan labari, kuma Robert zama ya yi wurin wani gwani mai suna Ike Zimmerman ya koya, da gumi da naci. Amma koyo ba ya sayar da littafi kamar Shaiɗan. Mu ma a nan mun saba jingina wa makaɗi aljanu da zarar ya gagara, mu manta da shekarun da ya yi yana amshi a bayan ubangidansa.

Akwai kuma matsalar tambaya, wadda duk malamin aji ya san ta. Idan ka ce wa ɗalibi, “Amsar kaza ce, ko ba haka ba?” zai ce maka haka ne, Malam. Baƙo Bature ya zo daga nesa ya tsaya gaban tsoho baƙar fata wanda ya girma cikin wariyar launin fata, ya sa masa amsa a baki, me ake tsammani? Da wuya mai karatu ya ga an rubuta yadda aka yi tambayar, ko wa ke wurin, ko an ba da wani abin goro. Amsar kawai ake kawo mana, an wanke ta tas.

Saboda haka muke ba 'yan'uwa shawarar su nemi littattafai biyu su karanta a jere. Na farko Up Jumped the Devil na Bruce Conforth da Wardlow, 2019, mai bin takardu da shaidu daki-daki, duk da cewa a wasu wurare ya yanke hukunci da ƙarfin da ya zarce hujjarsa, musamman kan zancen gubar da aka ce wani miji mai kishi ya ba shi. Na biyu Brother Robert na Annye Anderson, 2020, wadda ta tashi a gidan da Johnson ke sauka a Memphis a matsayin yayanta. Ita ba ta da mararraba ko Shaiɗan. Tana tuna saurayi mai tsafta, mai son kaɗa waƙoƙin da ake yayi a rediyo, mai wasa da yara. Littafinta ya fi gajarta, amma a cikinsa ne muka ga mutum. Ta haura shekara 90 kafin a buga shi, alhali an yi shekaru ana ɗaukar bayanai da hotuna daga hannun danginta ana gina suna da su.

Duwatsun uku suna nan a tsaye, ba a cire ko ɗaya ba, ba a kuma tone ko ɗaya ba. Masu ziyara kan zagaya dukkansu a yini guda, su ajiye kwabbai da kwalabe. Har yanzu akwai manazartan da ke cewa talaka baƙo irinsa, wanda ya mutu a gonar wani, mai yiwuwa a makabartar marasa galihu aka sa shi, inda ba a rubuta sunan kowa.