Jinjina ga Masu Gyaran Wuta da Ke Aunawa Kafin Su Taɓa

A cikin masu gyaran lantarki akwai waɗanda nake ganin girmansu ƙwarai: masu yawo da mitar nan mai baki kamar ƙaguwa. Ba sa yanke waya, ba sa fiƙe ta. Su buɗe bakin mitar su rungumo waya guda, ita kuwa ta karanta ƙarfin maganaɗisun da ke kewaye da wayar, ta faɗi yawan wutar da ke gudana.

Wutarmu a Najeriya ya kamata ta zo a kan bolt 230, amma sau nawa ƙwai ke yin ja, firij na gurnani? Gwani ba ya gaggawar ɗora wa taransfoma laifi. Sai ya auna layukan wuta uku da ke shigowa gidan ɗaya bayan ɗaya, ya gano an jibga wa guda kaya, sauran na hutawa. Ya duba wayar nutural, wadda tarin caja, kwamfutoci da inbata ke sa ta zafi ba kowa ya sani ba. In ya haɗa wayar wuta da nutural a bakin mitar ya ga lamba ta tashi, to wuta na zurarewa wani wuri, kuma nan rai ke cikin haɗari.

Mai gida, in ka samu irin wannan ma'aikaci, biya shi haƙƙinsa ba ciniki.