Ta Ciki Na Ciki: Sharhi a Kan Littafin Iƙirari na Agustin

Gabatarwa

Bara na halarci wani taron addu'a na ɗalibai Kirista, inda mai wa'azi ya ce duk wanda ya sami sabuwar haihuwa ya yi ban kwana da baƙin ciki ke nan, wanda kuwa aka gani yana kuka a kan abin da ya wuce, to bangaskiyarsa ce ba ta nuna ba. Kusa da ni akwai wata ɗaliba wadda ba a fi wata biyu da binne mahaifiyarta ba. Na ga ta sunkuyar da kai, ta haɗiye abin da ya taso mata, aka tashi ta fita tana murmushi. Wannan abu ne ya mai da ni ga wani tsohon littafi da na taɓa karantawa cikin fassarar Turanci, watau *Confessiones* na Agustin, wanda zan kira Littafin Iƙirari. Nufina a wannan 'yar maƙala shi ne in nuna cewa littafin da ake yawan kafa hujja da shi a kan tuba ta farat ɗaya, shi ne kuma ya fi kowane nuna cewa tuba daban, warkewar miki daban.

Marubucin da Littafinsa

Shi dai Agustin mutumin Afirka ta Arewa ne. An haife shi a shekarar 354 a garin Tagasta, watau Suk Ahras ta ƙasar Aljeriya a yau. Ya koyar da fasahar magana a Kartaj da Roma da Milan, daga baya ya zama bishop na Hifo, wadda yanzu ake kira Annaba, a can kuma ya rasu a 430. Ya rubuta littafin nan da Latinanci tsakanin 397 da 400, ya kasa shi kashi 13. Kashi 9 na farko tarihin rayuwarsa ne, na 10 nazari ne a kan tunawa, sauran 3 kuwa suna magana ne a kan lokaci da farkon Littafin Farawa. Sunan littafin yana da fuska biyu a Latinanci: amsa laifi, da kuma yabon Allah.

Jigo

Galibin masu karatu sun fi riƙe kashi na 8. A nan ne, cikin shekarar 386, Agustin ya kwanta yana kuka a gindin ɓaure a wani lambu na Milan, ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana cewa ya ɗauka ya karanta, ya buɗe wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa, sura ta 13, shakkarsa ta yaye. Da a nan littafin ya ƙare, da mai wa'azinmu ya yi gaskiya. Amma fa marubucin ya jera miki huɗu, kuma babu ɗaya da lambun nan ya share.

Na farko dukan makaranta ne. Ya ce tun yana ƙarami yakan roƙi Allah kada a doke shi, manya kuwa, har da iyayensa, dariya suke yi wa dukan. Mutum mai shekara 40 da ɗoriya, bishop guda, bai manta da wannan dariya ba. Na biyu mutuwar abokinsa ne na ƙuruciya, wanda zazzaɓi ya kashe a Tagasta. Garin ya yi masa baƙi, duk inda ya duba mutuwa yake gani, har ya gudu Kartaj, amma ya tarar da kansa ya tafi. Na uku rabuwa da uwar ɗansa, wadda zan komo kanta.

Na huɗu shi ne wanda ya fi taɓa ni, domin ya auku ne bayan tuba, bayan ma Bishop Ambros ya yi masa baftisma a Idin Ista na 387. A cikin shekarar ce mahaifiyarsa Monika ta rasu a Ostiya, suna jiran jirgin komawa gida, tana da shekara 56. Ya rufe mata ido, hawaye ya taho, ya danne shi da ƙarfi. Ɗansa Adiyodatus ya fashe da kuka, suka tsawata masa ya yi shiru, don a ganinsu kuka bai dace da mutuwar mai bangaskiya ba. Aka kai ta kabari aka dawo, idonsa a bushe, abokansa na tsammanin abin bai dame shi ba, alhali kuwa ciki na ci. Ya tafi gidan wanka don ya ji an ce wanka na korar baƙin ciki, ya fito yadda ya shiga. Sai da ya yi barci ya farka shi kaɗai, sa'an nan ya saki hawayen a gaban Allah, ya sami sauƙi.

Mu da aka raina da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, mun san wannan dauriya sarai. Abin da littafin ya ƙara mana shi ne cewa dauriyar nan, ko an sa mata rigar addini, ba ta warkar da kowa. Sabuntawar da Agustin ya samu ba ta ɗauke masa zafin rashi ba. Abin da ta ba shi shi ne wanda zai kai wa kukan.

Zubi da Salo

Daga farko har ƙarshe marubucin da Allah yake magana, mai karatu kamar wanda ya laɓe a bayan zana ne yana saurare. Wannan dabara ce ta ba shi damar faɗin abin da ba a faɗa wa mutane. Har ila yau ya cika littafin da kalmomin asibiti: ciwo, ƙaiƙayi, kumburi, magani, likita. A kashi na 10, shekara 10 da wani abu bayan tubarsa, bai ce ya warke ba. Ya nuna kansa majinyaci ne har yanzu, Allah ne likitan, ya kuma amsa cewa tsofaffin sha'awoyi suna ziyartarsa cikin mafarki. Ya kwatanta tunawa da wani makeken gida mai lunguna da rumbuna, inda abin da mutum ya ɗauka ya ɓace yake kwance yana jira. A ganina wannan kashi, wanda ɗalibai kan tsallake don wuyarsa, shi ne mabuɗin littafin duka. Mutumin ya shiga rumbunan nan ɗaya bayan ɗaya yana fito da kaya, rubutun kansa wani ɓangare ne na jinyar.

Inda Littafin Ya Gaza

Duk da haka ba zan rufe ido ga aibinsa ba. Agustin ya zauna da wata mace kusan shekara 15 ba tare da ɗaurin aure ba, ita ce uwar Adiyodatus. Da aka nema masa 'yar manyan gida a Milan, sai aka mai da ita Afirka, ta bar ɗanta a hannunsa, ta yi alkawari ba za ta ƙara sanin wani namiji ba. Shi kuwa da ya ga amaryar sai an jira ta shekara 2 kafin ta isa aure, sai ya ɗauki wata. Ya faɗi yadda zuciyarsa ta yage tana zub da jini, da yadda mikin ya ruɓe maimakon ya warke. To amma ita fa? Ko sunanta bai ambata ba. Satar 'ya'yan itacen maƙwabci da ya yi yana ɗan shekara 16 ta cinye kusan rabin kashi na 2, macen nan kuwa 'yan layuka ta samu, kuma abin da ya fi yi wa nadama sha'awarsa ce, ba zaluncin da aka yi mata ba. Wasu manazarta na cewa don ya rufa mata asiri ne ya ɓoye sunan. Na yarda zai yiwu, amma rufin asiri bai hana a ce an cuce ta ba. Marubucin da ya ƙware wajen binciken mikinsa ya kasa duban mikin da ya yi wa wani.

Aibi na biyu shi ne har bayan da ya yi wa mahaifiyarsa kuka, sai ga shi yana ba mai karatu haƙuri, kamar wanda aka kama da laifi. Watau bai gama kuɓuta daga ra'ayin da ya sa suka rufe wa yaron nan baki ba. Labarin da ya bayar ya fi hukuncin da ya yanke a kansa gaskiya.

Kammalawa

Ina ba 'yan wannan ƙungiya shawara, Musulmi da Kirista, su nemi littafin nan, musamman masu sha'awar rubuta tarihin kansu, domin irin namu ya fi yawan lissafa muƙamai da tafiye-tafiye, a bar zuciya a rufe. Kada a tsaya a lambun Milan, a bi shi har bakin kabarin Ostiya, a kuma tambayi inda matar da ba a faɗi sunanta ba ta kai nata kukan. Ita kuwa 'yar'uwar da na gani a taron nan, in wannan mujalla ta shiga hannunta, ta sani cewa wanda ikilisiya ke lissafawa cikin manyan malamanta shi ma ya yi wa uwarsa kuka, kuma bayan an yi masa baftisma ne. Nan zan dasa aya.