Mafakar Bam Ta Denfert-Rochereau: Abin Da Hoto Ke Nunawa Da Wanda Yake Ɓoyewa

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a ƙasashen Turai, har wasu daga cikinmu sun fara ɗauka, wato ziyartar mafakun ƙarƙashin ƙasa da aka gina lokacin Yaƙin Duniya Na Biyu domin ɓuya daga bama-baman jiragen sama, a ɗauke su hoto a watsa wa duniya. Ni ma ina cikin masu wannan sha'awa, shi ya sa nake so in yi tsokaci kan wadda ta fi shahara a birnin Faris, da kuma irin hotunan da ake fitowa da su daga cikinta. Ra'ayina a taƙaice shi ne wurin ya cancanci ziyara, amma hotunanmu rabin labari suke bayarwa, kuma rabin da ya fi sauƙin haɗiya.

Mafakar tana dandalin Denfert-Rochereau, a ƙarƙashin gidan tarihin 'yantar da Faris wanda aka buɗe a nan ranar 25 ga Agusta 2019, shekara 75 cif bayan sojojin Jamus sun miƙa wuya a birnin. Zurfinta mita 20 ne, kuma sai ka taka matakala kusan 100 kafin ka isa. An gina ta ne gab da yaƙin domin ma'aikatan birni su ci gaba da aiki ko da ana ruwan bam ko an saki iska mai guba. A nan ne Kanar Henri Rol-Tanguy, shugaban mayaƙan sa-kai na yankin Faris, ya kafa cibiyarsa ranar 20 ga Agusta 1944, saboda wurin yana da layin tarho na kansa wanda bai bi ta hannun Jamusawa ba. Matarsa Cécile, wadda ta rasu a 2020 tana da shekara 101, tana tare da shi tana buga masa umarni a tafireta.

A faɗi gaskiya, waɗanda suka shirya wurin sun yi abin yabo, domin ba su cika shi da ƙawa ba. Ƙofofin ƙarfe masu kauri suna nan, bututun tace iska suna nan, haka ma wani keke da aka kafe a ƙasa, wanda ake tuƙawa domin na'urori su ci gaba da aiki idan wuta ta ɗauke. Wannan keken ya fi duk wani rubutun bango bayani, domin da ka gan shi ka fahimci cewa a ramin nan numfashin jama'a yana iya rataya a kan cinyar mutum ɗaya. Shiga gidan tarihin kyauta ne, don haka ɗalibi ba shi da uzurin aljihu.

To ina matsalar take? Ta farko tana ga mu masu kyamara. Duba hotunan irin waɗannan mafaku, kusan dukkansu kamar uwa ɗaya uba ɗaya: dogon lungu, fitila mai dishi-dishi, ƙofa a buɗe, babu mahaluki ko ɗaya. Mai ɗaukar hoton yakan tsaya ne har sauran baƙi su wuce kafin ya danna, wai kada su ɓata masa tsari. Alhali mafaka wurin cunkoso ce, wurin kukan jarirai da warin gumi da jiran jiniya ta biyu mai cewa a fito. Idan ka cire mutane daga hoton, ka cire tsoron, abin da ya rage kuwa siminti ne mai kyaun gani. Da haka ne yaƙi yake komawa kayan ado a wayar wanda bai taɓa jin ƙarar bam ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma: mafakar wa aka adana? Ta Denfert ta ma'aikatan hukuma ce. Ɗaya shahararriyar, wadda ke ƙarƙashin tashar jirgin ƙasa ta Gare de l'Est, an fara gina ta ne a 1939 domin kusan mutum 70 masu kula da zirga-zirgar jirage. Talakan Faris kuwa a ɗakunan ajiya na ƙarƙashin gidajen haya ya ɓuya, ko a tashoshin metro masu zurfi, kuma yau waɗannan ɗakuna sun koma ma'ajiyar tsofaffin kekuna da akwatuna. Wato abin da ya tsira har muka ɗauka hoto shi ne mafi ƙarfi, wanda aka gina wa 'yan kaɗan, sai mai kallo ya zaci haka kowa ya samu.

Ba haka kowa ya samu ba. A nan Bobigny inda nake zaune, maƙwabciyarmu Noisy-le-Sec ta sha bama-baman jiragen Ingila a daren 18 ga Afrilu 1944, saboda babbar tashar jiragen kaya da ke garin, mutum 464 suka mutu. A Liyon kuma jiragen Amurka sun kai hari kan hanyoyin jirgin ƙasa ranar 26 ga Mayu 1944, sama da mutum 700 suka halaka. Fararen hula sama da 50,000 ne bama-baman ƙawayen Faransa suka kashe a ƙasar, wato waɗanda suka zo cetonta. Wannan magana ce mai ɗaci, kuma ba ta da ƙofar ƙarfe mai kyau da za a tsaya a gabanta a ɗauki hoto.

Akwai kuma waɗanda haɗarinsu ba daga sama ya zo ba, balle rami ya tsare su. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Bobigny, daga Yuli 1943 zuwa Agusta 1944, ita ce inda aka loda Yahudawa sama da 22,000 da aka kwaso daga sansanin Drancy, cikin ayari 21, akasarinsu zuwa Auschwitz. An mayar da wurin dandalin tunawa a 2023. Fili ne da layin dogo da tsohon gini, babu abin da zai burge kyamara, shi ya sa ba ka cika ganinsa a hotunan masu yawon ramuka ba.

Mu 'yan Afirka muna da namu kason a labarin, kuma shi ma ba a ƙarƙashin siminti yake ba. Janar Leclerc, wanda gidan tarihin ke ɗauke da sunansa, daga Cadi ya tashi da sojoji baƙar fata ya ci Kufra a Libiya a Maris 1941. Amma da aka kafa rundunar tankokin da ta shiga Faris, an cire akasarin baƙaƙen sojoji daga cikinta tun a 1943, bisa matsin hafsoshin Amurka da suka ba ta makamai. Shi ya sa hotunan ranar nasara suka fito yadda suka fito. Ashe tun a wancan lokaci kyamara ta saba barin wasu a waje. Wanda ke son ganin sawunsu ya zo maƙabartar Musulmi ta Bobigny, wadda aka buɗe a 1937, akwai sashen kaburburan sojoji a ciki. Na Liyon kuma su je Chasselay, inda sojojin Jamus suka ware baƙaƙen sojoji suka yi musu kisan gilla a Yuni 1940, kuma maƙabartarsu mai jan bango tana nan har yau.

Ban ce a ajiye kyamara ba. Abin da nake cewa shi ne hoto amana ne, kamar yadda rubutun da muke miƙa wa malamanmu amana ne. Idan ka sauka mafaka, bar mutane su shiga hotonka, a ga ƙuncin wurin da jikin ɗan Adam a ciki. Rubuta sunan wurin da shekararsa da waɗanda aka gina wa shi a ƙarƙashin hoton, domin hoto marar bayani kowa yana iya ɗora masa tatsuniyar da ya so. Sa'annan ka haɗa shi da ɗan'uwansa: kowane hoton rami guda, a biyo shi da na Noisy-le-Sec ko tashar Bobigny ko Chasselay. Kuma ina jan kunnen ƙannenmu da ke sha'awar bin masu kutsawa tsofaffin ramukan haƙar dutse na ƙarƙashin Faris cikin dare: doka ta hana tun 1955, kuma mai zama da takardar ɗalibi bai kamata ya sayi rigima da 'yan sanda saboda hoto ba. Rigakafi ya fi magani.

Da yawanmu daga garuruwan da suka san ƙarar bam muka fito, ko muna da dangi a Maiduguri da Diffa da Kano waɗanda suka san ta, kuma babu wanda ya gina musu ƙofar ƙarfe. Wata rana wasu za su zo su ɗauki hoton wuraren da namu suka ɓuya, kuma yadda muke so su yi wa namu adalci, haka ya kamata mu yi wa matattun wasu. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya ba mu sa'ar abin da muka zo nema, amin.