Tun Yaushe Magoya Baya Suka Zama Ma'ajin Mai Ƙungiya?

A kowace shekara, da zarar an kammala World Series aka naɗe tabarmar kakar besbol, sanyi ya sauka a biranen Amurka har filayen wasa suka yi tsit, sai muhawara ta ɓarke a tsakanin magoya baya, ta yi zafi a lokacin taron shugabannin ƙungiyoyi na watan Disamba, ba ta kuwa lafawa sai tsakiyar Fabrairu sa'ad da 'yan wasa suka hallara a Florida da Arizona domin atisaye: wa za a ɗauko, wa za a sallama, wane mai jifa ne hannunsa ya gaji, wane yaro ne a ƙananan rukunoni ya isa a gwada shi. Wannan muhawara tsohuwar al'ada ce, ina kuwa ƙaunarta matuƙa, domin ita ce ke riƙe da zukatanmu a watannin da ba a jin ƙarar sanda. Amma a shekarun nan wani sabon salo ya shigo cikinta wanda yake ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne yadda masoyan wasa, waɗanda a dā gardamarsu a kan ƙwarewa da jarumtaka take, suka koma gardama da harshen akawu, kowa ya rungumi littafin lissafin mai ƙungiya yana kare shi da iyakar ƙarfinsa.

Sai ka iske mutum wanda ko ƙusa ɗaya bai mallaka ba a Fenway Park, filin wasan Boston Red Sox, wanda kuɗin tikitin wasa guda ma sai ya yi shawara da aljihunsa kafin ya biya, ya gyara zama yana ba da fatawa cewa bai halatta a ba ɗan wasa mai shekara 27 kwantiragin shekara 12 ba, wai domin ƙarshensa zai yi wa ƙungiya nauyi, wai kuma akwai harajin wuce iyaka da ake ɗora wa duk ƙungiyar da albashinta ya haura ƙa'ida. To, malam, harajin nan kai aka ce ka biya? In an tsimi dala miliyan 30 a bana, za a aiko maka da kasonka ne, ko kuwa za a rage maka kuɗin kujera? In ka matsa masa, sai ya zaro maka jerin sunayen yara 100 da mujallu ke fitarwa kowane hunturu, ya nuna maka nawa ne namu a ciki, ya karanto sunayensu da lambobinsu da saurin jifarsu babu tuntuɓe, alhali kuwa bai taɓa ganin ko ɗayansu yana wasa ba sai a guntun bidiyo. Taƙlidi ne tsantsa, amma shi a ransa ijtihadi yake yi.

Tun da mas'ala ba ta fitowa sarari sai da misali, bari mu koma ga wanda ya fi yi mana ciwo, mu da muka ba Boston Red Sox zukatanmu. Mookie Betts ɗan gida ne: ƙungiyar ce ta zaɓo shi a 2011, ta rene shi a ƙananan rukunoni, ya hau babban rukuni a 2014, a 2018 kuwa, shekarar da Boston ta ci wasa 108 cikin 162 ta kuma doke Dodgers a World Series, shi ne ya zama gwarzon ɗan wasa na rukunin Amurka da matsakaicin bugu .346, wanda babu wanda ya kai shi a wannan shekara. Wato shi ne ainihin abin da ake renon yara dominsa, shi ne addu'ar da aka amsa. Amma a Fabrairun 2020, saura shekara guda ya sami 'yancin zaɓen inda zai yi wasa, sai aka haɗa shi da David Price aka miƙa wa Los Angeles Dodgers, aka karɓo Alex Verdugo da Jeter Downs da Connor Wong, albashin ƙungiya kuma ya sauko ƙasa da iyakar dala miliyan 208 da aka gindaya wa wannan shekara. Da yawa sun yi kuka, gaskiya ne. Amma abin da har yau ban gama haɗiye shi ba, shi ne yawan waɗanda suka tashi suna yi wa cinikin tawili, suna cewa hikima ce, hangen nesa ne, mu yi haƙuri mu ga abin da Downs zai zama.

To, mun yi haƙuri mun gani. A watan Yulin 2020 Dodgers suka ba Betts dala miliyan 365 na shekara 12, a Oktoba suka ɗauki kofin da rabonsu da shi tun 1988, Boston kuwa ta kwana a ƙarshen rukuninta, ta sake kwana a nan a 2022 da 2023. Downs, wanda aka ce shi ne gobenmu, wasa 14 kacal ya yi wa Boston kafin a sallame shi a ƙarshen 2022. Verdugo aka tura shi New York Yankees a Disambar 2023. Wong ne ya saura yana tarar jifa, yana kuma iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. Duk wanda ya kalli wasa na biyar na World Series tsakanin Dodgers da Yankees a daren 30 ga Oktoban 2024 ya ga hukuncin cinikin nan da idonsa: a zagaye na takwas, ana kunnen doki shida da shida, Betts ne ya ɗaga ƙwallo can tsakiyar fili har abokin wasansa ya sheƙo gida da makin da ya raba gardama, a zagaye na tara kuwa, mutum na ƙarshe da ya tsaya da sanda a hannu, ya kai wa jifar Walker Buehler duka ya sami iska, wasa ya ƙare, 'yan Dodgers suka ruga fili suna murna, shi ne Alex Verdugo. Bayan shekara guda, a wasa na bakwai da Toronto, Betts ɗin nan ne dai ya cafe ƙwallon ƙarshe, ya taka zango na biyu, ya wurga na farko, ya rufe gasar. Kofi uku ke nan a rigar da ba tamu ba.

Malamanmu na fiƙihu, a babin ciniki, sun yi dogon bayani a kan garari, wato sayar da abin da ba a san haƙiƙarsa ba ko ba a da tabbacin iya miƙa shi, suka buga misali da kifi a cikin ruwa da tsuntsu a sararin sama. Ba ina shigar da musayar 'yan wasa ƙarƙashin wannan hukunci ba ne, wannan aikin ma'abota ilmi ne. Hikimar da ke ciki nake aro, domin yaro ɗan shekara 20 da bai taɓa fuskantar jifar manya ba kifi ne a cikin ruwa, mai yiwuwa ya fito giwan ruwa, mai yiwuwa gwiwar hannunsa ta tsinke a bazara mai zuwa, mai yiwuwa jifa mai lanƙwasa ta gagare shi har abada. Wanda ya ba da yaƙini ya karɓi zato, sa'an nan ya yi shelar cewa ya ci riba tun kafin ya jefa koma, lalle akwai gyara a lissafinsa, ko da kuwa ya cika allo da lambobi.

Abin da ya kamata masu wannan lissafi su tsaya su duba shi ne dalilin da ya sa masu ƙungiyoyi ke son mu ƙaunaci yara fiye da manya. Bisa yarjejeniyar da ke tsakanin ƙungiyoyi da 'yan wasa, ɗan wasa ba ya samun 'yancin kansa sai ya cika shekara shida a babban rukuni, kuma a shekarunsa na farko galibi abin da ake ba shi bai wuce mafi ƙarancin albashi da yawa ba, wanda a 2025 dala 760,000 ne. Ashe ke nan yaro mai tasowa, kafin ya zama fata ga mai kallo, rangwame ne ga mai biya. Har ma akan jinkirta hawan yaron da gangan domin a ƙara shekara guda a kan wa'adinsa. Kris Bryant ya yi zarra a atisayen 2015, amma Chicago Cubs suka ajiye shi a ƙasa har tsakiyar Afrilu, ya gama shekarar da kwana 171, alhali kwana 172 ake ƙirgawa shekara. Kwana ɗaya tak! A lokacin ma an sami magoya baya suna jinjina wa wannan dabara, suna kiranta wayo, suna murna an tauye wa yaron da suke ikirarin suna so haƙƙinsa domin maslahar mutumin da ko sunansu bai sani ba.

Na sani za a ce mini Boston ta taɓa ba da Jeff Bagwell yana yaro a 1990 ta karɓi mai jifa na 'yan makonni, za a ce Albert Pujols ya tsufa a kan dala miliyan 240 na Angels, za a ce Houston ta sha kashi fiye da sau 100 a kowace shekara daga 2011 zuwa 2013 kafin ta ɗauki kofi a 2017. Duk na ji, ban kuwa musa ba. Amma me ya sa ba a kawo mana labarin Pittsburgh? Daga 1993 zuwa 2012, shekara 20 a jere, Pirates ba su gama kaka ɗaya da nasara ta fi rashin nasara yawa ba, har jaririn da aka haifa a farkon wannan musiba ya zama saurayi mai gemu bai ga shekarar kirki ba, kullum kuwa ana ce wa iyayensa yara na nan tafe. Da yaran suka iso, aka ɗan sarara daga 2013 zuwa 2015, sai a Janairun 2018, cikin 'yan kwanaki, aka sallami Gerrit Cole da Andrew McCutchen, aka sake cewa a yi haƙuri, wasu yaran na nan tafe. Daga 2016 zuwa 2025 ba su sake leƙa wasannin neman kofi ba. Haƙuri ibada ne sa'ad da jarrabawa ta zo daga Allah. Amma wanda ɗan kasuwa ya tsara maka da alƙalami, yana sabunta wa'adinsa duk hunturu, ba ka da lada a cikinsa.

Tarihin Boston kansa ya ishe mu hujja, da muna karanta shi da insafi. A Nuwamban 2005 aka ba da Hanley Ramirez, yaron da kowa ke ji da shi, aka karɓo Josh Beckett da Mike Lowell. Ramirez ya zama tauraro a Florida, babu shakka, amma a 2007 Beckett ya ci wasa 20, Lowell ya zama gwarzon World Series, tuta ta hau Fenway. A Disambar 2016 aka ba da Yoan Moncada, wanda a lokacin yana sahun farko a jerin yaran da ake sa wa rai, tare da Michael Kopech da wasu biyu, aka karɓo Chris Sale, masu lissafi suka yi ta salati cewa an sayar da gobe. Shi kuwa Sale ɗin nan shi ne ya yi jifar ƙarshe a 2018, wadda ta durƙusar da Manny Machado a kan gwiwa ɗaya. Sau biyu aka ba da zato aka karɓi yaƙini, sau biyu aka ɗauki kofi. Kakannin magoya bayan yau kuwa, da Harry Frazee, mai ƙungiyar a lokacin, ya sayar da Babe Ruth ga Yankees a Disambar 1919 a kan dala 100,000, ba su gadar wa jikokinsu yabonsa ba, kuma daga kofin 1918 sai da birnin ya yi shekara 86 yana jiran wani.

Kada a ce na yi wa John Henry, mai Red Sox, butulci. Tun da ya sayi ƙungiyar a 2002 ta ɗauki kofi huɗu, a 2004 da 2007 da 2013 da 2018, wannan kuwa ba ƙaramin alheri ba ne, kuma 'yan'uwanmu magoya bayan Liverpool, wadda kamfaninsa ya saya a 2010, sun san hannunsa ta fuska biyun, wajen gina ƙungiya da wajen damƙe jaka. Na yarda kuma Roman Anthony, tun da ya hau a 2025, ya nuna lalle akwai abin kallo a tare da shi, ƙungiyar ma ta koma wasannin neman kofi a shekarar. Amma mutumin da ya mallaki manyan ƙungiyoyi a nahiyoyi biyu yana da lauyoyi da akawuna da ake biyansu albashi domin su tsare masa dukiya, bai rasa mai kare shi ba balle ni da kai mu ɗauki aikin kyauta. Xander Bogaerts ya tafi San Diego a ƙarshen 2022, aka ce shekara 11 ta yi yawa. Rafael Devers, wanda aka ɗaure da doguwar yarjejeniya a farkon 2023 aka ce mana shi ne ginshiƙi, a Yunin 2025 aka tura shi San Francisco, kafin rana ta faɗi kuwa masu lissafi sun fito suna ƙirga miliyoyin da aka huta biya, fuskokinsu na walƙiya. Kuma ina tsoron ranar da Anthony zai kai munzalin da Betts ya kai, domin na san a ranar za a sami wanda zai zaro sabon jerin yara 100 ya ce mu duba lamba ta kaza.

Saboda haka, ya 'yan'uwana masoyan wannan wasa, a hunturun bana mu yi gardama iyakar son ranmu a kan wanda ya fi iya jifa da wanda ya fi iya tare ƙwallo, mu so yaranmu, mu bi labarinsu, mu yi musu fatan alheri. Amma in aka sallami gwarzon da muka rena domin a sauko ƙasa da layin haraji, kada wani daga cikinmu ya tafa, kada kuma ya nema wa mai ƙungiya uzuri. Ku tambaye shi wa zai tsaya a gurbin wanda ya tafi ranar buɗe kaka, ku ce ya faɗi sunansa.