Kama Hayaƙin Siminti a Binne Shi: Sharhi a kan Wani Ra'ayi

Manufarmu a cikin wannan 'yar takarda ita ce mu auna wani ra'ayi da ya yaɗu tsakanin masu nazarin yanayi, watau cewa maganin gurɓatar iskar da masana'antar siminti ke haddasawa shi ne a kama iskar kabon tun a bakin bututun hayaƙi, a matse ta, a binne ta can ƙarƙashin ƙasa. Za mu auna shi da idon mai gini a Kuki, can yankin Dutsin-Ma da Kurfi, wanda ke jiran tirela ta kawo masa buhu daga Sakkwato ko Obajana.

Da farko wajibi ne mu ba masu wannan ra'ayi haƙƙinsu, domin hujjarsu tana da ƙarfi. Siminti kaɗai ke fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya. Fiye da rabin wannan kuwa daga jikin dutsen farar ƙasa yake fitowa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina, inda kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a 1967. Idan aka gasa tan guda na tsantsar dutsen, kusan kilo 440 nasa zai tashi ya zama iska. Ashe ke nan ko da hasken rana za a hura tanderun har ya kai zafin digiri 1,450 da ake bukata, wannan kaso yana nan.

Abin da suka fi kafa hujja da shi shi ne masana'antar Brevik ta ƙasar Norwe, mallakar kamfanin Heidelberg Materials, wadda aka buɗe na'urarta ta kama kabon a watan Yuni na 1925 da shekara ɗari, watau 2025. An tsara ta kama tan 400,000 a shekara, kimanin rabin abin da masana'antar ke fitarwa. Ana mai da iskar ruwa, a ɗora ta a jirgin ruwa zuwa gaɓar yammacin ƙasar, sannan a tura ta ta bututu zuwa zurfin mita 2,600 a ƙarƙashin teku.

To, a nan ne muka saɓa da su. Masu kawo misalin Brevik sukan tsallake abubuwan da suka ɗauke shi. Gwamnatin Norwe ce ta biya mafi yawan kuɗin aikin. Masana'antar tana bakin teku. Ƙasar kuma ta saba da binne kabon tun 1996 a filin gas na Sleipner, ta san duwatsunta ciki da bai. Mu duba tamu ƙasar. Ana bukatar dutse mai ƙananan kofofi kamar soso, a zurfin da ya wuce mita 800, da wani dutsen marar kofa a samansa ya zama murfi. Duk wanda ya taɓa ganin duwatsun Dutsin-Ma ya san irin ƙasar da tsakiyar Katsina ke zaune a kai: dutse ne curarre wanda ba ya shan komai. Tsofaffin rijiyoyin mai na yankin Neja Delta sun dace da aikin, amma tsakaninsu da Sakkwato kusan kilomita 1,000 ne. Wa zai shimfiɗa bututun, wa kuma zai tsare shi? Ita ma na'urar kamawar tana cin wuta da zafi mai yawa, a ƙasar da masana'antu ke samar wa kansu lantarki.

Duk wannan kuɗi a kan buhu zai sauka. Mun ga yadda a farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000 a garuruwa da dama, gine-gine suka tsaya a iya taga. Ra'ayin da bai faɗi wanda zai biya ba, a ganinmu, bai gama tsayuwa da ƙafafunsa ba.

Babban aibin da muka gani shi ne yadda ra'ayin ya janye hankali daga hanyar da ta fi kusa da mu. Masu bincike a Lozan ta Suwizalan, tare da takwarorinsu na Kyuba da Indiya, sun nuna ana iya rage dunƙulen da ke fitowa daga tanderu, wanda ake kira kilinka, zuwa rabin abin da ke cikin buhu, a cike gurbin da gasasshen yumɓu kashi 30, niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa kashi 15, da jifsam kashi 5. Yumɓun a zafin digiri 800 ake gasa shi, kuma ba ya sakin kabon daga jikinsa, saboda haka hayaƙin kan ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Farin yumɓun da ake nufi, watau kawolin, shi ne irin wanda Ƙanƙara ta yi suna da shi. (Kakanninmu da suka gina hasumiyar Gobarau da tubali ba za su yi mamakin jin cewa ƙasa tana gini ba.)

Ba mu ce wannan ya share matsalar ba, domin sauran kashi 60 yana nan, kuma Nijeriya ta yi alkawari a Gilasgo a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, don haka wata rana sai an koma kan batun binnewa. Amma gwada yumɓun Ƙanƙara aiki ne da ɗakunan bincike na jami'o'in Dutsin-Ma da Zariya za su iya somawa da ɗan tanderu da ma'aunin ƙarfin bulo, a san wane rami ne ya dace, da kuma nawa dakonsa zai ci zuwa Kalambaina.