Kukan Makoki na Stanford a Bakin Masu Busa Uku

Kilarinet wata irin sarewa ce ta Turawa. Ana sassaƙa ta da wani baƙin itace mai tauri wanda ake sarowa a Tanzaniya da Mozambik, a bakinta kuwa akwai ɗan siririn kara guda wanda yake rawa in an hura. Ba ta da tsananin murya irin ta algaita. Tana iya yin ƙasa ƙasa har ta zama kamar mutum mai raɗa.

A shekara ta 1894 Johannes Brahms, mutumin Jamus, ya rubuta sonata biyu domin wani gwanin busa, Richard Mühlfeld. Sonata, watau dogon kiɗa mai kashi uku ko huɗu, a nan na kilarinet da piyano, ba muryar mutum a ciki. Waɗannan biyu suka yi suna ƙwarai, har suka rufe waɗanda suka biyo baya. Almajirinsa Gustav Jenner ya rubuta guda, Max Reger ya rubuta uku, amma ba kasafai ake jin su ba. A cikin waɗanda aka bari a baya akwai ta Charles Villiers Stanford, wadda ya rubuta a 1911. Ita ce ake magana a kanta a nan.

An haifi Stanford a Dablin ta ƙasar Ayalan a 1852, ya rasu a Landan a 1924. Yawancin waɗanda suka san sunansa ta wurin waƙoƙin sujada na ikkilisiyar Angalikan suka san shi. Malami ne kuma, cikin almajiransa har da Samuel Coleridge-Taylor, wanda mahaifinsa mutumin Saliyo ne. Stanford ya girmama Brahms ƙwarai, kashi na fari da na uku na sonatarsa kuwa ba su ɓoye wannan ba. Amma kashi na biyu nasa ne shi kaɗai. Ya sa masa suna Caoine, ana faɗinsa kusan kamar "kiin", watau kukan da matan Ayalan suke yi a kan gawa a wurin makoki. Piyano yana zubo sauti kamar ana kaɗa tsirkiyar garayar ƙasarsu, kilarinet kuma tana hawa tana sauka kamar mai kuka wadda numfashi yake yanke mata. Duk mai so ya auna faifan wannan sonata, a wannan kashi zai auna shi. Gama in mai busa ya shafe kukan nan ya mai da shi kiɗa mai daɗi kawai, abin da ya rage sai kwaikwayon Brahms.

Faifai na fari shi ne na Thea King tare da Clifford Benson a piyano, wanda kamfanin Hyperion ya fitar a farkon kafuwarsa, an kuwa kafa shi a 1980. Wannan mata ta gaji kiɗan ne gado. Stanford ya keɓe sonatar ga Oscar Street da Charles Draper. Draper ya koyar da Frederick Thurston, Thurston ya koyar da Thea King, ya kuma aure ta a 1953, a shekarar nan ya rasu. Busarta ba ta da ado mai yawa. Muryar tana fitowa a miƙe, da ɗumi, ba ta gaggawa. A Caoine tana yin kamar dattijuwa wadda ta sha zaman makoki, ta san inda za ta ɗaga murya da inda za ta haɗiye. Akwai wuraren da take barin sautin ya mutu a hankali, Benson kuma yana jira, ba ya tsoma baki. Wani zai ce ta cika kamewa, a kashi na fari kuwa maganarsa tana da gaskiya, gama akwai inda kiɗan yake neman a sake masa linzami amma ta riƙe. Duk da haka baƙin cikin da ke cikin busarta ba na nuni ba ne, yana kuwa daɗewa a kunne.

Michael Collins da Michael McHale sun fitar da nasu a kamfanin Chandos a 2012. Collins almajirin Thea King ne, amma halinsa dabam. Gwani ne na gaske, yatsunsa ba sa tuntuɓe, an kuma ɗauki sautin da tsabta ƙwarai. Kashi na fari da na uku sun fi rai a hannunsa. Sai dai a Caoine gwanintar ta yi masa yawa. Hawa da saukar nan da ya kamata su zo da wuya, kamar maganar da take maƙalewa a wuya, suna fita sumul. Mai ji yakan yaba wa mai busa, ya manta akwai gawa a ɗaki.

Na uku shi ne na Robert Plane da Benjamin Frith, na kamfanin Naxos, 2007. Wannan ya tsaya tsakanin biyun. Plane yana ba kukan ƙarfi fiye da Thea King, ba ya kuwa mai da shi wasa. Abin da ya fi a faifan nan shi ne piyano. Frith ba ɗan rakiya ba ne, yana amsa wa kilarinet kamar yadda 'yan amshi suke karɓar mai bayarwa. Faifan kuma na Stanford ne daga fari har ƙarshe, akwai waɗansu ayyukansa na kilarinet a ciki, domin haka mai ji zai san mutumin sosai.

Wanda kuɗinsa na faifai ɗaya ne, ya sayi na Plane. Wanda ya riga ya san sonatar, yana so ya ji Caoine yadda aka miƙo ta daga hannun Draper, sai ya nemi na Thea King. Ta rasu a 2007, shekarar da na Plane ya fito.